Ruwan Saman Da Na Yi Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na yi ruwan sama da hannuna ba, ruwan da bai jiƙa ko bakin zanin kowa ba, amma ya kusa cinye wa surukina irin dawar da ya gada daga mahaifinsa. Ko yanzu da nake ba ku labarin sai da na ja mayafi na rufe rabin fuskata, alhali ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni 'yar cikin garin Funtua ce, aure ya kai ni wani ƙauye a bayan Dandume, gidan manoma na haƙiƙa, inda ko gaisuwar safe sai an sako maganar gona. Kafin aure na yi kwas ɗin kwamfuta, sai yayana ya haɗa mini da tsohuwar laftof ɗinsa cikin kayan ɗaki ('yan ganin ɗaki sun fi kallon ta a kan gadon ma). Halina kuwa tun ina ƙarama, mafarki nake yi ido biyu. Mama takan ce in an aike ni sayo gishiri, to a shirya wanda zai je nemo ni.

A wajen kwas ɗin ne aka nuna mana wani ɗan ƙari da ake maƙala wa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Da shi kana iya sauya wa kowane shafi kama: ka canza launi, ka cire abin da ba ka so, ka ƙara abin da masu shafin ba su taɓa tunaninsa ba. Amma fa a kwamfutarka kaɗai. Kamar ka kama ɗakin haya ne ka rataya labulenka. Gidan na mai shi ne, labulen naka ne, maƙwabci bai ma san ka rataya ba.

To, bazarar farko da na yi a gidan, zafi ya yi zafi. Maigidana ya bi motar hatsi zuwa Kudu. Da rana kwanon ɗakina har ƙara yake yi, awaki sun lafe a gindin katanga, kaji ma sun yafe wa juna faɗa. Ga kewar gida ta dame ni. Wata rana na buɗe shafin hasashen yanayi, sai ga hoton rana jere reras tun daga farkon mako har ƙarshensa. Abin ya ba ni haushi. Ni da kwamfutata, a ɗakina, a kan ledata, sai a riƙa nuna mini abin da nake gudu?

Nan take na hau aiki. Na share hotunan ranar nan kakaf. Na cire lambobin zafi, don ba su da wani amfani sai tayar da hankali. Na shimfiɗa koren gona a ƙasan shafin, na jawo baƙin hadari daga gabas yana tafiya a hankali, na sa ɗigon ruwa yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Sunan gari kaɗai na bari a sama. Sannan na tuna akwai sautin ruwa a wayata, wanda na ɗauka a ɗakin Mama a Funtua daminar da ta wuce, yana dukan kwano. Shi ma na liƙa shi.

Wayyo daɗi! Bayan azahar sai in saki labule, in kwanta a ƙasa, in buɗe shafina in lumshe ido. Kafin ka ce kwabo na bar ƙauyen. Ina jin ƙamshin ƙasa na ruwan farko, ina ganin shinge masu fiffike suna tashi, indararo yana zuba cikin baho, kwaɗi sun fara gyaran murya a kududdufin bayan gidanmu. Har sanyi nakan ji a tafin ƙafata, wallahi, ni da gumi ke bin bayana.

Surukina, Baba Alhaji, mutum ne mai shiru. Tunda aka kawo ni ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa. Tsakanina da shi "Ina kwana, Baba" ne da "Lafiya lau." Abin da kowa ya sani game da shi shi ne farfararsa. Duk kaka yakan zaɓi kawunan dawa mafiya kyau ya ɗaure ya rataye can ƙuryar rumbu, ba a ci, ba a sayarwa, tun zamanin mahaifinsa irin bai yanke ba.

Ran nan ya bi ta bayan tagata zai duba shanun huɗa, sai na ji takunsa ya tsaya cak. Jim kaɗan sai ga Inna, uwar maigidana, ta ɗaga labule.

"Amarya, Alhaji ya ce wai ruwa ake yi a ɗakinki?"

Ashe kafin ya tafi, maigidana ya cika baki a gaban mahaifinsa cewa kwamfutar amarya tana ganin ruwa tun bai zo ba. Aka ce in kawo a gani. Na zura hijabi, na fita gindin mangwaron tsakar gida, na durƙusa can nesa, na tura laftof ɗin kan tabarma.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan sunan ƙasarmu ne a sama?"

"Eh, Baba."

"Wannan kuma ruwa ne?"

"Eh, Baba."

(Ku shaida, har nan ban yi ƙarya ba.)

"Yana kusa ke nan?"

Maganar gaskiya ta zo mini har maƙogwaro. Amma ta yaya amaryar da ko shekara ba ta yi ba za ta dubi surukinta ta ce, Baba ba ka gane ba? Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "In sha Allahu, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Allah Ya yi miki albarka, Malama."

Malama! Ba zan ɗora wa kunya laifin duka ba, sunan nan ya yi mini daɗi har cikin ƙashi. Na koma ɗaki ina tafe kamar ba na taka ƙasa. Na hango kaina manoman Dandume da Malumfashi suna layi a zaure, ana cewa ku dakata da shuka sai Malama ta duba. Har kalar hijabin da zan riƙa sawa ranar ganin jama'a na zaɓa.

Washegari da sassafe na ji ana sussuka a bakin rumbu. Na leƙa. Farfarar ce aka sauko da ita. Baba Alhaji zai yi binne.

Ga 'yan birni irina, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da shi a kwance. In ruwan ya zo da wuri, ka riga kowa. In ya yi nawa, zabi da kurciyoyi da tururuwa su yi walima. Baba Alhaji bai taɓa yarda ya yi wannan caca da farfararsa ba. Na ji Inna tana ce masa, "Alhaji, ko shamuwa fa ba a gani ba." Ya ce, "Na ga abin da ya fi shamuwa." Ya saɓa sungumi ya fita.

Daga ranar na zama wadda ta fi kowane manomi a ƙasar Katsina roƙon ruwa. In na idar da salla sai in zauna ina kallon gabas har wuyana ya ƙage. Duk ɗan farin gajimaren da ya gifta sai in bi shi da ido ina lallashi, shi kuma ya wuce abinsa wajen Zariya. Kullum da la'asar Baba Alhaji zai aiko a kawo kwamfuta, in buɗe, ya kalli ruwa yana zuba na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai ya ce, "Yana hanya." Ni kuma in yi maza in rufe. Za ku ce me ya hana ni kashe adon? In na kashe, ranar nan ce za ta fito jere reras, ya san jiya ƙarya ce. In na bari, gobe ta fi yau muni. Gaba kura, baya sayaki.

Na kira maigidana zan faɗa masa. Da ƙyar sabis ya haɗa mu, kafin in buɗe baki ya ce, "Ke, Baba ya ce kin fitar da ni kunya!" Sai na tambaye shi ya hanya.

Zabi kuwa ba su jira kowa ba. Kullum da yamma Baba Alhaji yakan dawo daga gona shiru, ƙafafunsa futu-futu, in ji yana gaya wa Inna an tone kunyar shuka kaza. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya shigo da abokansa tsofaffi su uku, don su ma su ga ikon Allah. Cikinsu akwai Malam Tanimu, amininsa tun na yarinta, wanda Hajiyarsa ta tafi aikin hajji a shekarar. Aka kira Malama. Na zo na durƙusa, na buɗe. Ruwa ya kece a kan ƙasar Dandume, tsofaffi suka yi ta kabbara.

Sai Malam Tanimu ya matso, da zuciya ɗaya bawan Allah, ya ce, "'Yata, abin nan yana ganin ko'ina? Duba mini Makka mana. Ɗazu Hajiya ta bugo tana kukan zafi, wai ƙafa ba ta takuwa."

Na rubuta Makka. Sunan ya sauya a sama. Koren gona yana nan, baƙin hadari ya taso daga gabas, ruwa kamar da bakin ƙwarya.

"Ikon Allah!" in ji Malam Tanimu. "Yanzu-yanzu? To Hajiya ko laima ba ta tafi da ita ba."

Wani tsohon ya ce a duba masa Agadas, ɗansa yana can. Agadas ma ruwa, da gonarta kore shar. Na ji idanu sun fara sauka a kaina ɗaya bayan ɗaya. Malam Tanimu ya ce a hankali, "Mayar da mu Makka tukuna."

Na mayar. Abin da na manta shi ne, kullum ina rufe kwamfutar da wuri, sautin bai taɓa kaiwa ƙarshe a gaban Baba Alhaji ba. Ran nan ya kai. Ana cikin ruwan Makka, sai ga muryar mahaifiyata tar, daga cikin hadarin:

"Ke! Ajiye wayar nan ki shigo da shanya, sakarya kawai!"

Jama'a, da ƙasa tana da ƙofa da na shige. Wani tsoho ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Baba Alhaji ya karkata kunne, ya ce, "Wannan ba muryar Hajiyar Funtua ba ce? Yaushe ta tafi Makka?"

A nan na fashe da kuka. "Baba, ado ne. Ni na sa. Zafi ne ya dame ni."

"Ado," ya maimaita. Can na ji kukan kurciya a kan mangwaro (na tabbata ƙoshi ne ya sa ta kuka, da farfararmu). Sannan ya ce, "Cire adon mu gani."

Na danna, na kashe, na mayar da sunan Dandume. Ga ranar nan jere reras, babu ko ɗigo. Ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi ta sama, ya ce, "To. Wannan na san ta." Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Irin da aka binne ya tafi, sai abin da ba a rasa ba. Abin da ya cece ni shi ne kyautar da Baba Alhaji ya taɓa yi wa Malam Tanimu shekarun baya, ta wannan farfarar. Bayan kwana biyu sai ga Malam ɗin da 'yan kawuna a ƙunshe cikin buhu, ya ce abin da ya rage masa ke nan. Ni na roƙi Inna ta bar ni in sussuke su da hannuna, ina tsince ƙwayar da ta faɗi ƙasa ɗaya-ɗaya. A shekarar, kusurwa guda kawai ta gonar aka shuka farfara, sauran duk irin kasuwa ne. Duk wanda ya bi ta hanyar sai ya tambayi dalili, kuma duk wanda ya tambaya sai an ba shi labari.

Ruwan gaske ya zo wata la'asar, da iska da ƙamshin ƙasa da komai, daidai yadda na riƙa mafarkinsa. Ina ɗaki na ƙudundune, na kasa ko leƙawa. Sai na ji takun nan da na sani ya tsaya a bayan taga, ya ɗaga murya yadda zan ji:

"Inna, tambayar mini Malama. Wannan nata ne ko na Allah? In na Allah ne zan fita shuka."

Har yau a ƙauyen Mai Hadari ake kira na, ɗiyata ma 'Yar Mai Hadari ce. Ɗan ƙarin yana nan a burauzata, ina canza launin duk shafin da na ga dama, amma shafin yanayi ko wasali ba na taɓa masa. Na kuma gane cewa kunyar da ka ƙi ji a gaban mutum ɗaya ba ta ɓacewa, jira take yi sai Juma'a an taru, ta zo maka da muryar uwarka.