Rasuwar Ɗan Baƙi a Bakin Gada

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Baƙi, ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a bakin aikinsa, a 'yar tashar jiragen ruwan da nake ginawa a kan tebur a ɗakin baƙinmu.

Marigayin na mahaifinmu ne. Bayan rasuwar Baba ya koma hannun yayana, wanda ya naɗe shi a ƙyalle ya adana shekara goma sha ɗaya. Da na fara ginin tashar sai na je aro. Yaya ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo shi, ya ce, "Tsoho ne fa. Ka bi shi a hankali." Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce ba ka san ni ba."

Ɗan Baƙi mai haƙuri ne, ba ya ƙin aike. Yakan ja tarago huɗu daga sito zuwa bakin ruwa, ya dawo da baya, yana 'yar ƙararsa cik-cik-cik, fitilarsa ƙwaya ɗaya tana ƙiftawa in ya sha kwana.

Wata biyu da suka wuce ya fara tari. Duk lokacin da ya zo kwanar bayan rumfar kifi sai ya yi ƙir-ƙir, ya tsaya, ya sake yunƙurawa. Ɗigon mai kawai yake nema da a goge masa ƙafafu. Na ji shi sarai. Amma hankalina yana kan fentin ruwa, da jera tsinken ashana in yi katakon gadar da ta shiga teku. Layin dogon gadar nan a bakin tebur ya ƙare, kuma kullum cewa nake gobe zan kafa masa tokare.

Ranar da abin ya faru maƙwabcina ya shigo kallo. Ɗan Baƙi ya cije a kwanar nan, ni kuma don kada a raina aikina na murɗa wutar har ƙarshe. Ya zabura da gudun da bai taɓa yi ba, ya wuce rumfa, ya hau gada, ya faɗa kan siminti. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙas. Mai gyaran agogon da na kai wa shi ya juya shi sau biyu a hannu, ya ce, "Wannan kam sai haƙuri."

Saura abin da ya fi muni. Da na kira Yaya, bakina ya ce maiɗakina ce ta ture shi garin share ƙura. Tana tsaye a baranda, ta ji komai. Kwana huɗu ke nan Yaya bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma ba ta tona ni ba. Tana ajiye mini abinci a kan lokaci, ta juya ta fita. Ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa ba ta taɓa taɓa teburin nan ba. Ni ne.

Marigayin ya bar tarago huɗu, da kwale-kwale biyu, da 'yan dako bakwai na roba da har yanzu suke tsaye da buhuna a ka.

Za a mayar da shi cikin ƙyallensa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a kai shi gidan Yaya, shi zai faɗi inda za a ajiye shi. Masu ta'aziyya su wuce can kai tsaye. Ni kada kowa ya yi mini. Wanda yake son taimakona, musamman dattawa masu iya magana, ya biyo ta gidana tukuna, ya raka ni wurin maiɗakina.

Sanarwa daga ƙanin mai shi, wanda ya yi ɓarnar.