Saniyar da Na Gano a Kogin Thames

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban malamai da ɗalibai a jami'armu ta London, ina hura hanci, zan sanar da su abin da na gano.

Digiri na biyu nake yi a kan seal, wata dabbar teku mai shayarwa kamar ayu, sai dai tana da gashin baki. (Ni da na tashi a Gusau, ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ba.) Aikina shi ne in gwada ƙwayoyin halittar waɗanda ke bakin kogin Thames da na sauran gaɓar teku. In jininsu ɗaya ne, kulawa ɗaya ta ishe su. In kuwa dangi ne na daban, dole a ware su a tsare su, don in suka ƙare babu madadinsu.

Wata uku ina fama da 'yan guntayen fatar dabbobin, sai ga sakamako: uku daga cikin na Thames ba su yi kama da kowa ba. Ban tsaya sake gwaji ba. Har Inna na kira na ce ta ƙara addu'a, ɗanta ya kusa fitowa a jarida.

Da na gama bayani, malamata ta karɓi sakamakon ta zuba a kwamfuta. Ta duba allon, sannan ta ce a hankali, "Wannan ai saniya ce. Ta Afirka ma."

Anti Ramatu, 'yar Ghana mai kula da ɗakin gwajin, ta leƙo ta bayana. "Ɗan'uwa, kilishin nan da kake ɓoyewa a aljihun farar rigar aikinka, ba nan kake sa safar hannu ba?"

Nan nake sa su; ashe ɓurɓushin kilishin ne ya bi safar ya shiga gwajin. Ɗaki ya kwashe da dariya, ni kuwa sai yaƙe. Da an bi maganata, da an zage ana kare saniyar da tuni aka shanya a Gusau. Abin da ya fi ci mini rai, fatar dabbobin nan uku ta ƙare a hannuna, har yau ba wanda ya san danginsu.

Na daɗe ina ɗora wa kilishi laifi, amma ba shi ya kayar da ni ba. So nake dabbobin su zama na daban, 'yan tsiraru a gefen London da ya kamata a lura da su, kamar ni. Tun daga ranar, duk sakamakon da ya cika faranta mini rai, aljihuna nake fara lalubawa.