Mai Santsi Ya Wuce

Wani ne a unguwarmu, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Osaka. Yana murza taliya a shagon surukinsa, tsoho Kuwabara. Kullum cikin garin taliya yake, har girarsa ta yi fari. Sai tari ya kama shi, irin wanda mai cin abinci zai ji ya rufe kwanonsa da hannu.

Tsohon ya ce, "Ko ka rabu da tarin nan, ko shagona ya rabu da kai."

Mutumin ya tafi wurin Likita Shiomi. Ta saurari ƙirjinsa, ta ɗauko hoton huhu ta ce, "Ka ga nan ciki? Majina ce shimfiɗe kamar raga. Garin da kake shaƙa a nan yake maƙalewa. Wasu ƙananan gashi su sharo shi zuwa maƙogwaro, ka haɗiye ba ka sani ba."

Mutumin ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Garin surukina nake haɗiyewa?"

"Kullum."

"Likita, don girman iyayenki, maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Ba ki san tsohon ba."

Ta ba shi takunkumi da maganin shaƙa. Ta ce, "Wannan ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma an yi musu riga mai santsi don kada ragar ta riƙe su. Abu mai danƙo shi ke maƙalewa, mai santsi ya ratsa ya wuce. Ka gane?"

"Sarai. Mai santsi ya wuce."

Ya isa gida ya ce wa matarsa Tomie daga yau ba ya cin komai sai mai yauƙi. Kuɓewa da safe, waken natto mai yauƙi da rana, gurjin doya da ɗanyen ƙwai da yamma. In ya buɗe baki zai yi magana, sai ka ga zare daga leɓe zuwa leɓe kamar saƙar gizo-gizo.

Tomie ta ce, "Maigida, likitar nan huhu ta ce maka ko ciki?"

"Ke ba ki ga hoton ba. Duk gida ɗaya ne, ɗaki ne daban."

Ba a daɗe ba cikinsa ya ɓare. Ya fita bayan gida ya dawo, kafin ya zauna ya sake miƙewa. Yana dafe da bango ya ce, "Kin gani ko? Ilimi ke nan. Ba abin da ke tsayawa."

"Tarin fa?"

Ya yi tari har fitilar ɗakin ta girgiza. Ya ce, "Shi ma yana hanya."

Da safe ya yi wani tunani. Ai laifin ba na huhunsa ba ne, na garin ne. In garin ya yi santsi tun daga kan tebur, ina zai maƙale? Ya riga kowa zuwa shago. Ya kwaɓa garin da ruwan kuɓewa, ya tuttula man riɗi, ya shafe tebur da muciya. Wanda ya zuba a ƙasa ya bi shi da tsumma ya baza ko'ina, kada a yi asara.

Rana ta yi, shago ya cika. Wani ma'aikacin banki ya sa tsinken cin abinci ya ɗago taliya, ta sulale. Ya sake, ta sulale. Ya kafa baki a kwanon ya zuƙa, sai ga taliya ta wuce gaba ɗaya kamar maciji ya ga rami.

Ya zauna yana ƙifta ido. Ya ce, "Malam, na ci ne, ko ban ci ba?"

Mutumin ya ce, "Ka ci. Ka dai nemi wurin da ke kusa da bayan gida."

Hayaniya ta fito da tsoho Kuwabara daga ciki, ya taho da sauri zai ga abin da ake yi masa a shago. Taku ɗaya ya yi. Ya bi ta tsakanin kujeru a kan bayansa, ya ratsa labulen ƙofa, bai tsaya ba sai gindin keken mai kawo wasiƙa.

Aka kwashe shi zuwa wurin Likita Shiomi, mutumin na biye da takalman tsohon a hannu, yana tari. Ta duba ƙugun tsohon, ta ji yadda aka yi, ta cire tabarau ta daɗe tana kallon mutumin.

"Ina takunkumin da na ba ka?"

"Da shi na tace kuɓewar."

"To maganin fa? Kana shaƙa safe da yamma?"

Ya laluba aljihu ya ciro shi, ko ledarsa bai yage ba.

Ya ce, "Haba Likita. Da bakinki kika ce wucewa yake yi. Me zan yi da maganin da ba ya tsayawa?"