Saurayina Mai Lamba Biyar

Ranar da na fara ganin Tasi'u, ina tsugune ne gaban shimfiɗar littattafansa a bakin tashar Funtuwa, ina karanta wani littafi kyauta kamar na gado. Sai da na kai shafi na ashirin ya yi gyaran murya, ya ce in ba damuwa ga benci nan. Bai ce in saya ba, bai ce in ajiye ba. Wannan bencin shi ya gama da ni.

Ni kuwa a unguwarmu da abu biyu aka san ni: karatu, da yawan faɗar cewa ina karatu. A aji huɗu na firamare na tsaya. Sauran da kaina na koya, daga littattafan da yayata ta bari har zuwa takardun da ake ƙunso ƙosai a ciki. Shi ya sa nake ji da kaina. Duk matar da aka ba takardar asibiti ko ta makarantar yara, wurina take kawowa, ni kuma in karɓa da yatsa biyu, in ce ni rubutu bai taɓa yaudarata ba. Na faɗi wannan magana har kajin gidanmu sun haddace.

Littafin da na ɗauka ranar na ɗaya ne, na biyu bai fito ba. Tasi'u ya ce in ba shi lambata, in ya iso zai sanar da ni. Ya tambayi sunana, na ce Cima, ya rubuta a bayan wani kwali.

Washegari da hantsi ina ɗinkin hula, sai wayata ta yi ƙit-ƙit. Na duba, ga saƙo: "Kina son a riƙa gaya miki kalmomi masu daɗi kowace safiya? Amsa da EH." A ƙasa akwai wasu lambobi da haruffa a cakuɗe. Ban tsaya a kansu ba, domin idona ya riga ya faɗa kan na ƙarshe: T&C.

T da C. Tasi'u da Cima. Allura ta soke ni a yatsa ban ma ji ba.

Amma ni ba ƙaramar yarinya ba ce, na karanta littattafai, na san ba a amsa wa namiji nan take. Na ja aji yini guda cur. Sai washegari bayan la'asar na rubuta EH, na kife wayar a ƙarƙashin filo, na fita tsakar gida ina sharar da ba a sa ni ba.

Tun daga nan kullum safiya sai ƙit-ƙit. Yau a ce murmushina ya fi hasken alfijir, gobe a ce zuciya ba ta da maƙwabci sai ni. Ni kuma in zauna in tsara amsa, in goge, in sake tsarawa, in tura. Bai taɓa ba ni amsar abin da na tambaya ba, na ce ai haka masu zurfin ciki suke. Ƙawata Safara'u da na nuna mata, sai ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai lambar, guda biyar ce kacal. Na dube ta da tausayi, na yi mata bayani cewa masu ilimi ta intanet suke turowa don su ɓoye lambarsu. Ta ce to, Allah ya sanya alheri. Kafin sati ya zagayo duk ƙawayena sun san ina da saurayi mai lamba biyar.

Shi kuwa gogan, in na je tasha, sai gaisuwa da zancen littafi. Wata rana na daure na jefa masa layi ɗaya daga saƙon safiyar, ina kallon ƙasa. Sai ya tambaye ni a wane littafi ne, wai bai taɓa cin karo da shi ba. Na koma gida ina jinjina masa. Na ce wannan bawan Allah ya iya ɓoye abu.

Matsala ɗaya ce ta dame ni: kati ya daina zama a wayata. In na sa da yamma, kafin azahar ta gobe fit, babu. Mai shagon da nake kai wa huluna ya fara ƙorafin ba na kiransa. Na yanke hukunci kamfani ne ke yi mini sata, na kai ƙara wurin Tasi'u. Ya ce ofishinsu ba nisa, ya ja leda ya rufe littattafai, ya bar wa maƙwabcinsa mai goro amana, muka kama hanya. Yana gaba ina baya, ina lissafin irin atamfar da za ta dace da shi da ni.

A ofis mun tarar da layi har bakin ƙofa. Tun a nan na fara wa'azi. Na ce sun saba cutar waɗanda ba su iya karatu ba, yau sun taɓo wadda ta iya. Wata mata mai goyo ta ce ita ma haka ake yi mata. Wani dattijo mai carbi ya ce, 'yata, ki yi magana da bakinmu duka. Kaina ya ƙara girma. Ina satar kallon Tasi'u in ga ko yana lura da irin matar da Allah ya ba shi.

Da layi ya zo kaina, na tarar da wata mata mai tabarau a bayan kwamfuta, an rubuta Kubura a ƙirjinta. Na ajiye wayar a gabanta, ƙwas. Na ce Anti, ban taɓa shiga wani tsari ba, ban taɓa danna abin da ban karanta ba, a dawo mini da kuɗina yanzu.

Ta karɓi lambata, ta ɗan daddanna, ta gyara tabarau. Ta ce ai ina cikin wani tsari mai suna Kalaman Safiya, ana cirar kuɗi kullum. Na ce ƙarya ne. Ta ce ba ma shi ne ya fi cin katin ba, amsoshina ne, domin duk saƙon da na tura wa lambar sai an caje ni, kuma na tura sittin da ɗaya. Na ce a nuna mini shaida.

"A nan?" in ji ta.

"A nan. Kowa ya ji. Ni ba na tsoron rubutu."

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya nace sai ya taɓa tukunya mai zafi. Sannan ta karanta da muryar masu labarai a rediyo: "Tasi'u, na san kunya ce ke hana ka magana, ni ma ina da ita. Amma ka sani bencin nan ya gaji da mu."

Dattijo ya daina jan carbi.

Na juya a hankali na dubi Tasi'u. "Malam Tasi'u, ba kai ba ne?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi kwalin da ya rubuta lambata, a ranar aka haɗa shi da shara, kuma tun lokacin yake jin nauyin ya sake tambayata.

Na koma kan Anti Kubura da sauran ƙarfina, na ce to T da C ɗin fa? Ta ce wannan gajarta ce ta Turanci, ma'anarta akwai ƙa'idoji da sharuɗɗa, kuma farashin yana nan daf da ita a layi ɗaya. Ta ce inji ne ke turowa, mutum dubu nawa yake gaya wa murmushinsu ya fi alfijir a safiya guda. Mai goyo ta leƙo ta ce la, ita ma an taɓa gaya mata. Wani daga can baya ya ce a karanto na biyu.

Na tambayi Anti Kubura ƙasa-ƙasa ko za a iya dawo da ko rabin kuɗin. Ta ce da sau ɗaya na shiga, da ta rubuta mini takardar ƙorafi a kan kuskure ne. Amma ga shi a rubuce, ran sha biyu ga wata na tura DAINA, aka fitar da ni, bayan kwana uku na sake tura EH da hannuna. Na tuna ranar sarai. Na ga Tasi'u yana dariya da wata mai sayen littafin girki, na yi fushi na ce ya daina. Nan take aka amsa cewa an daina, za a yi kewata. Kwana uku ina fama da zuciyata, sannan na yafe masa.

Wato na yi fushi da inji, na yi yaji, na kuma dawo da kaina ba biko.

Ina neman ramin da zan shiga, sai na ji Tasi'u ya matso kusa da teburin. Idonsa na kan takalminsa, ya tambayi Anti Kubura ko ana iya buga masa amsoshin nan sittin da ɗaya a takarda, tunda dai shi aka rubuta wa. Ta ce wannan sai da izinin mai layin wayar. Ni kuwa mai layi a lokacin ko sunanta ba ta iya tunawa.

Anti Kubura ta ce za ta rufe mini tsarin yanzu, amma inji zai sake turo gayyata nan da 'yan kwanaki, kuma ta ga alama ni mai saurin yafiya ce. Ba ta son ta gan ni a layin nan wata mai zuwa. Ta ɗora yatsa kan madannin kwamfuta, ta tsaya, ta ce tana jira ta ji daga bakina.

Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Dattijo ya ce, ɗaga murya, 'yata, mu ne shaidu.

Na ce, "Na yi alkawari na rabu da shi. Ko ya roƙe ni, ba zan koma ba."