Ranar da na gudu daga aikin hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a gidan Gwaggo Talatu a Malumfashi ba. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniya, aikina kuma wani murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe ne da ke ɗumama ruwan naitirojin, mai sanyin da ke ƙona fata, ya zama iska. Irin iskar ce ke tura ƙaramin kumbo a hankali a sararin samaniya. (Nawa kumbon bai taɓa wuce kan tebur ba.)

Wani likitan dabbobi a Funtua ya sam mini ruwan a tulun ƙarfe. Gwaggo ta ba ni ɗakin ƙurya, wanda ba a kwana a cikinsa tun rasuwar kakarmu.

"Ki yi bisimilla kafin ki shiga," in ji ta. "Ɗakin yana da masu shi."

Na yi dariya, har da yi mata lacca.

Na haɗa kayana, na fita sallar azahar, na tsaya cin ɗanwake. Da na dawo, gidan tsit, ko kaji ba sa motsi. Wani farin hayaƙi na rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba wari, yana bin ƙasa. Ana tsakar zafin bazara, amma da ya taɓa ƙafata sai na ji sanyi har ƙashi. Na tura ƙofa. Can cikin duhu wani abu ke nishi, ya yi shiru, ya sake, kamar tsohuwa mai ciwo. Na yi taku biyu, kaina ya fara juyawa.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba: "Gwaggo! Kaka ta dawo!" Na fito a guje, na yi karo da turmi, na zube gaban matan maƙwabta da ihuna ya jawo.

Gwaggo ta zagaya ta ɓalle taga, ta jira hayaƙin ya washe, sannan ta leƙa.

"Ke injiniya, tulunki ne ke kuka. Kin bar famfonsa a buɗe."

Jirin kuwa na gaske ne: naitirojin ya kore iskar shaƙa da ke ɗakin. Da na tsaya yin jarumta, da gawata za a fitar.

Abin da na koya: ilimina bai cece ni ba ranar nan, tsorona ne. Ban dai rubuta hakan a rahoton aikin ba.