Alhaji Sallau da hular kwano

Ina da wani maƙwabci a Tudun Wadar Zariya, Alhaji Sallau, wanda tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati bai ƙara sanin wata wahala ba sai ta tauna. Likita ya auna jininsa, ya dubi tumbinsa, ya ce masa ko dai ya fara motsa jiki ko iyalinsa su fara shirin jinya. Aka ba shi shawarar ya riƙa ɗan tattaki da safe, ya ce tafiyar ƙafa ta wanda bai da abin hawa ce. Ana haka ya ji labarin wasu ma'aikata da ke haɗuwa duk Asabar, su hau kekuna su nufi Kufena, su yi ta hawa da gangarawa a tsakanin duwatsu. Nan take ya aika aka sayo masa keken hawan dutse, irin mai kaurin taya da giya birjik, ya kuma sanar da duk majalisarmu cewa wannan Asabar ɗin da shi za a yi. Mutumin da rabonsa da feda tun yana sakandare! Ledar jikin keken ma ƙin cire ta ya yi, wai kada mahassada su ce na hannu ya saya.

Ranar Alhamis ya matsa mini sai na raka shi sayen kayan keke. A bayan mota muka ɗora keken, saboda a cewarsa bai kamata ya yi ƙura kafin ranar fita ba. Muka je shagon Baba Tanimu, wani dattijo da ya shekara arba'in yana sayar da kayan keke da gyaransu. Ba shi da yawan magana, amma 'yar kaɗan ɗin da yake yi ba ta da daɗin haɗiya.

Baba ya ji inda za a je, ya shiga ciki ya fito da famfo da kayan faci da gorar ruwa da hular kwano, ya jera a kan teburi. Alhaji ko kallonsu bai yi ba. Ya miƙa hannu ya zaɓo madubi huɗu, da geza ja da kore ta rataya wa kan keke, da furen roba, da wani hon mai kukan agwagwa.

Baba ya ce, "Alhaji, dutse za ka hau ko ɗaukar amarya za ka?"

"Kai dai ɗaura. Abin hawan babban mutum daga nesa ake gane shi."

Baba ya ɗaura. Da kyar na lallaɓa Alhaji ya karɓi famfo da gorar ruwa, ita ma gorar don kalarta ta dace da gezar ne. Da aka zo kan hular kwano kuwa sai ya ja da baya, ya dafe hular kansa da hannu biyu.

"Ka san wannan kuwa? Zanna ce, daga Maiduguri aka kawo mini, jiya-jiya aka yi mata kari. In cire ta in kifa tasa a kaina kamar ɗan acaɓa? Surukaina fa a kan hanyar nan suke!"

Baba ya ce, "Alhaji, hawan ba shi ne abin ji ba, gangarowa ce. Wajen duk tsakuwa ne. Ka damƙe birkin gaba da wannan jikin naka, keken zai tsaya, kai ba za ka tsaya ba. Kuma kai ne ke fara isa ƙasa. Na ga yaran da suka fi ka iyawa an kwaso su ranga-ranga."

"Yara ka ce. Ni yaro ne?"

Na sa baki, don gaskiya tsoro ya kama ni, kuma na san in wani abu ya faru ni Hajiyarsa za ta fara tsarewa da tambaya. Alhaji ya ce in yi masa shiru, ni da ko keken ɗinki ban taɓa hawa ba. Raina ya ɓaci, na koma gefe na zuba masa ido.

Sai ya ce bari ya gwada zama ya ga yadda maduban suka tsaya. Ya tattare babbar riga, ya ɗaga ƙafa da nishi, ya sauke nauyinsa kan ɗan siririn sirdin nan. Ko numfashi biyu bai yi ba ya diro yana salati yana dafe baya.

"Wannan ai wuƙa ce! Baba, kawo soso. Mai kauri. A'a, guda biyu za ka haɗa. In kana da buzu ma ka shimfiɗa a sama."

Baba ya shiga ciki ya ɗauko. Ya haɗa soso biyu, ya rufe da wani guntun buzu, ya ɗaure tamau da roba. Alhaji ya sake hawa, ya gyara zama, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya tura hular kwanon can ƙarshen teburi da yatsa ɗaya. Ya dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin shagon, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka gani ko? Shekara arba'in kana sana'a, amma wannan bai zo maka a rai ba, sai kwano kake ta tusa mini. Ashe na fi ka sanin wurin da ya kamata a kare."

Baba Tanimu ya ɗauki hular, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar da ita kan ƙusa.

"Wallahi ka fi ni, Alhaji. Ni duk zatona a ka kake ajiye hankalin."