Sunan da Muzuru Ya Sani

Da asuba na tarar da Injiniya durƙushe ƙarƙashin tebur a ɗakin na'ura, ta cije 'yar tocila a baki, tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ban tambaye ta ko lafiya ba. Wanda ya ga mutum ƙarƙashin tebur da asuba ya riga ya san amsa.

Ni ne mai kula da lodi a sitonmu na kayan lambu. Masu shaguna kan shigar da odarsu a shafin kamfani tun yamma, da safe in buɗe a wayata in ga motar da za ta ɗauki tumatir, da wadda za ta ɗauki latas, da inda kowace za ta nufa. Ran nan na buɗe, sai tambarin kamfani a sama, ƙasa fari fat, da ɗan rubutu wai ba a samu abin da nake nema ba. Motoci sun yi layi a fili, kwanduna sun fito daga ɗakin sanyi. In rana ta ɗaga ganye ya yi yaushi, dawo mana da shi za a yi, 'yan dakona sun yi wahalar banza.

Mutum biyu ne da aikin shafin, jiya suka kwashe shi zuwa sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da yake zaune a kanta. Injiniya ke riƙe da manhajar gaba, mai karɓar duk wanda ya shigo, suna ce mata Maigadi. Taubashinta, ɗan ƙanwar babanta, shi ya rubuta shafukan da yaren kwamfuta na Java, shi ke kiwon manhajar da ke sarrafa su a baya, wadda suke kira Muzuru saboda hoton kyanwar da ke jikinta. Maigadi ya karɓi saƙo ya miƙa wa Muzuru, Muzuru ya kawo oda. Iyakar sanina ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai ga shi ya shigo, dogo har yana sunkuyar da kai a bakin ƙofa, kofin shayi a hannu.

"Salamu alaikum, ba kowa ne? Au, Guntuwa! Ina kwana? Tsaye kike ko zaune?"

"Lafiya lau, Falwaya. Rage tsawo kada ka ɓalle mana fanka. Ina Gwaggo? Har yanzu tana nadamar abincin da ta ɓata a kanka?"

"Tana gaishe ki. Ta ce a tambayi Kawu ko an samo ragowarki, wai rabi aka ba shi a asibiti."

"Muzurunka ya mutu."

"Muzuruna ya fi ki lafiya. Maigadinki ne ya yi barci a bakin aiki. Halin gidanku ne."

"Gidanmu ne ya ba ubanka mata, ka iya bakinka."

Na ce, "Ku ji nan. Ban san Muzuru ba, ban san Maigadi ba. Tumatir na sani, kuma ya fara kallon rana."

"Kwantar da hankalinka, Sarkin Lodi," in ji Falwaya. Ya ajiye shayi, ya buɗe kwamfutarsa, ya danna wasu lambobi. Hoton kyanwa ya bayyana. "Gani ya kori ji. Ga shi nan garau, har murmushi yake."

Ita ma ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta kakkaɓe gwiwa, ta juyo mana da nata allon. "Wa ya kawo tambarin nan? Maigadi. Da barci yake, ko wannan ba za ka gani ba. Wayoyi kuma na bi su duka, babu wadda ta saki."

"To ki kashe ki kunna."

"Maganin malalata. Na yi tun kana minshari."

"Lambar ƙofar da yake kira fa? Kin san ku gajeru ba kwa hango lamba in tana sama."

Ta karanto lambar. Ya duba tasa. Daidai.

"Katangar tsaro ba ta tare hanya ba?"

"Ni na gina ta, ni na bar ƙofa. Ko raƙumi irinka zai wuce."

"Ruwa dai ba ya tsami banza."

"Shi ya sa nake kallonka."

A waje wani direba ya danna hon, wani ya taya shi. Na leƙa ta taga. Haske ya fara taɓa rufin motar farko. Na sha ganin mutane masu baki a wurin nan, kuma ban taɓa ganin baki ya ɗora kwando a mota ba. Amma yarinyar nan, duk zagin da take yi, hannunta bai bar madannai ba. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta ja kujera.

"Ba mai fita ɗakin nan sai mota ta tashi," ta ce. "Saƙo yana isa wurin Muzuru, shi ne yake cewa bai san abin da ake nema ba. Zan karanta nawa layin da ƙarfi, ka karanta naka. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Bismilla. A kawo mata akwati ta taka, a ji muryarta."

Ta karanto: "Duk wanda ya nemi oda, a kai shi wurin Muzuru, foldar da ake kira gimbiya."

Ya kafe allonsa da ido.

Tunda na san Falwaya ban taɓa jin ya yi shiru ba, ko abinci yake ci. Ya ɗauki shayi, ya mayar bai sha ba. Ya sosa ƙeya.

"Karanta naka," ta ce.

"Yau kam za a yi zafi, Sarkin Lodi."

"Buɗe foldar, ɗan Gwaggo."

Ya buɗe. Ko ni da ba ruwana da na'ura na karanta sunan: guntuwa.

"La ilaha! Ba mun yi da kai jiya sunanta gimbiya ba?"

"Na rubuta gimbiya, Muzuru ya tofar. Dabba ce mai gaskiya, ba ta karɓar shaidar zur."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na so ki gani da idonki ki yi tsalle, ko Allah zai sa ki ƙaru. Sai na manta."

"Ba ka gwada ba kafin ka tafi?"

"Na gwada nawa, lafiya lau. Ke fa?"

Ta kau da kai. "Na gwada nawa."

Kowa ya gwada rabinsa ya tafi gida. Maigadi yana ta sallama yana neman gimbiya, Muzuru yana cewa nan gidan guntuwa kawai ya sani, mu kuma tumatir yana nuna a fili.

"Canza shi yanzu," ta ce.

"Zan canza. Amma sai na kwantar da Muzuru, in sake ɗora shafukan, in bi duk inda na rubuta sunan a ciki. Kin san shi da nauyin tashi, sai ya yi miƙa, ya yi hamma, ya gaisa da rumbun oda. Kafin nan latas ya zama tsumma." Murmushi ya fara dawo masa. "Naki kuwa kalma ɗaya ce a layi ɗaya."

"In rubuta wa kaina guntuwa? Da hannuna?"

"Ai ba ƙarya za ki yi ba."

"Gara in haɗiye linzamin kwamfutar nan."

"Zai fi ki tsawo a ciki."

Hon ya sake tashi, wannan karon dogo. Ta dubi taga. Ta dube ni. Na nuna mata wayata da farin shafinta. Ta ja numfashi, ta jawo madannai, ta goge gimbiya harafi bayan harafi.

"Ga, u, na," in ji Falwaya, yana leƙe ta saman kanta. "A hankali, kada ki yi kuskure a sunanki na yanka. Sarkin Lodi, kai ne shaida."

"In ka sake magana, da kai za a yi lodi."

Ta adana, ta umarci Maigadi ya sake karanta takardarsa. "Duba wayarka, Baba."

Na shafa allon. Oda ta zubo reras, mota da kayanta, shago da unguwarsa. Ban tsaya godiya ba. Na fita na daka tsawa, kwanduna suka fara tashi sama, motoci suka fita ganye na ɗanye shar.

Da fili ya yi fayau na koma in ɗauki hulata. Na samu Falwaya ya jawo kwamfutarsa, ya sassauta murya.

"To, 'yar Kawu, na sallama. Yau kin fi ni tsawo. Bari in mayar miki da gimbiyarki yanzu, kyauta."

Ta make masa hannu. "Taɓa ka gani! Ka canza naka, nawa ya sake ɓaci, motocin rana su tsaya? Abin da ke tafiya ba a yi masa tiyata. Guntuwa ta zauna, ita ta kai tumatir kasuwa."

"Shi ke nan kin yafe?"

"Na yafe. Shiga ka duba Muzurunka."

Ya danna kalmar sirrinsa. Saba ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Na canza maka," ta ce. "Ai ni ke da Maigadi, ni ke da makulli. Sabuwar ita ce: ranki ya daɗe gimbiya. A haɗe, ba tazara. Kullum safe, da hannunka."

Ya kwashe da dariya har kansa ya bugi akwatin wuta. "Sarkin Lodi, ka cece ni!"

Na ce ni tumatir na sani.

Ya fara rubutawa da yatsa ɗaya, yana dafe da ƙeya. Ita kuma ta tsaya a kansa tana ƙirga masa haruffa, ta miƙa hannu ta ɗauke kofin shayinsa, ta shanye tas, ta kife masa a kan tebur.